Najil Bakwai a Bayan Jirgi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata ranar Talata, an sauko daga sallar La'asar, mu uku ne a shagon kayan kamun kifi da nake aiki a unguwar Utaiƙa. Akwai ni, Isiyaku, mutumin Yawuri. Akwai Nura, ɗan Katsina, mai karatun hadisi a nan Riyad. Akwai abokinsa Mahamadu, ɗan Maraɗi, shi ma ɗalibi. Sun shigo shan sanyi ne kafin motar makarantarsu ta iso. Ni kuma ina zaune ina warware wani zare da ya sarƙe.

Nura ya ɗauki sandar fatsa yana lanƙwasa ta, ya ce, "Baba Isiyaku, wai da gaske biyanka ake yi ka raka masu hali su zauna a jirgi suna cin dabino?"

Na ce, "Da gaske ne."

Ya ce, "Wallahi ina gama karatu nan zan dawo. Ka jefa zare, ka jira, ka ja. Mene ne abin wahala?"

Mahamadu ya ce, "Kai da gwangwanin kifi ma sai an buɗe maka?"

Na ce, "Ajiye sandar nan. Ba a riƙe ta a wuya."

Motarsu ta zo ban ba shi amsa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin shi da irinsa. Karatuna allo ne da firamare, saboda haka zan bi abin ɗaya bayan ɗaya, yadda na san shi.

Na fara da yadda na shigo. Gidanmu masunta ne tun kakanni. Na iya jefa birgi kafin in iya ɗaura wando da kyau. Amma da sunan direba na zo ƙasar nan, a ƙarƙashin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, Abu Fahad, mai wannan shago. Wata rana ya dawo daga bakin teku da kula cike da kifi, mai dafa abincin gidan ya tsaya yana kallon kifin kamar an ba shi jaki ya feɗe. Na karɓi wuƙar, na gyara su duka kafin a kira Magariba. Abu Fahad ya tsaya a kaina ya ce, "Ya Ishaƙ, a ina ka koyi wannan?" Na ce masa a kogi. Ya ce daga ranar na bar kai yara makaranta. Yana da jirgi a Bahar Maliya, can wajen Ƙunfuda, yana kai mutanen Riyad kamun kifi na nishaɗi, kuma yana neman wanda zai riƙe musu kaya. Shekara ashirin da shida ke nan.

Wanda ya koya mini teku wani tsoho ne, Ammi Yahaya, shi ke tuƙa jirgin. Ranar farko ya miƙo mini zare ya ce in ɗaura ƙugiya. Na ɗaura irin ɗaurin gidanmu, wanda giwan ruwa bai taɓa tsinkewa ba. Ya sa ƙugiyar a ƙarfen jirgi, ya fizga sau ɗaya, ta zame. Zaren teku santsi gare shi, ba ya riƙe ƙullin zaren kogi. Ya ce, "Mantar da koginka a mota. In za ka koma gida ka ɗauka." Wata uku ban taɓa sandar baƙo ba. Aikina wanke jirgi, fasa ƙanƙara, yanka habbar, wato wani kifi mai hannuwa da yawa da ake sa wa ƙugiya, da ɗaura ƙulli ɗari kullum har yatsuna suka tsage suka warke.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da hakkinsa. Zare: a shafa shi da yatsa bayan kowane kamu, domin dutsen ƙasan teku yana cinsa ba a gani. Ƙugiya: a gwada tsininta a farce, in ta zame a sauya. Dalma: nauyinta ya bi ƙarfin ruwan ranar, ba son ran baƙo ba. Makina, abin naɗe zaren nan: a wanke ta da ruwan daɗi kafin a ci abinci, ba bayan an ci ba, domin gishiri ba ya jira. Ƙanƙara: a ƙasa, kifi a tsakiya, ƙanƙara a sama. Wanda ya juya wannan tsari zai iso Riyad da wari bayan tafiyar awa goma.

Baƙi kuma iri uku ne. Akwai wanda ya zo don kifi. Wannan ba ya surutu, shi ya fi sauƙi. Akwai wanda ya zo don hoto. Wannan sai ka kama masa, ka miƙa masa sandar a ƙarshe, ka matsa gefe kada ka fito a hoton. Akwai wanda ya zo gudun gida. Wannan ka ba shi shayi ka ƙyale shi. Na taɓa kai wani likita da ya yi amai tun fitarmu har dawowarmu, muna isowa ya tambaye ni yaushe za a sake tafiya.

A wancan lokaci hutun mako Alhamis da Juma'a ne. Mukan tashi daga Riyad ranar Laraba bayan sallar Asuba, mu isa da La'asar sakaliya, washegari da hantsi muna kan ruwa. Ammi Yahaya ba shi da na'urar nuna wuri. Yakan daidaita kan wani dutse da hasumiyar wani masallaci, ya kashe inji, ya ce, "Nan." Kuma nan ɗin ne. Kifin da kowa ke nema shi ne najil, dangin wani kifi da ake kira hamur, ja ne mai ɗigo-ɗigon shuɗi, yana zama a kogon duwatsu can ƙasa. Namansa fari, ba ƙaya da yawa. A shekarun nan muna cika kula huɗu kafin Azahar. Ba a tambayar girma, ba a tambayar wata. Abin da ya hau, ya shiga kula. In mun dawo, har masu gadin layinmu sai sun samu rabo. Ba na ɓoyewa, zamani ne mai daɗi, kuma mu ne muka ci shi da hannu biyu.

Ga wani abu da nake gani kullum ban taɓa tambaya ba. Duk najil ko hamur da aka jawo daga zurfi yakan fito idanu a waje, ciki a kumbure, da wani jan abu ya toshe masa baki. Ni na ɗauka harshensa ne. Nakan ce wa baƙi, "Kun gani, ya gaji har ya zaro harshe." Su yi dariya. Shekara goma sha biyu ina faɗin haka. Kifin kogi ba ya yi, domin koginmu ba shi da wannan zurfi. Tun da kula zai shiga, ba wanda ya damu.

Sannan aka tsaurara doka. Ba zan kawo lambobi ba, domin ana sauya su, kowa ya duba takardar shekarar da yake ciki. Amma jigonta uku ne. Jirgi ba ya fita sai da takardar izini da sunan kowa a ciki. Mai kamun nishaɗi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Kuma a watannin da najil ke ƙwai, ba a ɗaukarsa ko ɗaya. Sauran kifi ana kamawa. Matsalar ita ce najil bai san an rufe shi ba. Ka jefa wa wani kifi habbar, shi zai riga kowa.

Tafiyarmu ta farko a watan rufewa, Ammi Yahaya ya tafi ƙauyensu jana'iza, Abu Fahad ya riƙe tuƙi da kansa. Baƙi huɗu ne, cikinsu har da surukinsa, mutumin da yake jin nauyinsa ƙwarai. Kafin mu tashi Abu Fahad ya ce mini, "Najil mamnu'i ne, an hana. In ya hau, ka mayar." Na ce wannan ai ba komai ba ne. A Yawuri in ƙaramin kifi ya shiga koma, ɗauka ake yi a wurga, kafin ya taɓa ruwa ya ɓace.

Muka tsaya a wuri mai zurfin gaba ashirin da wani abu. Najil na farko ya hau, na cire ƙugiya, na wurga shi ta baya, na juya ga baƙo na gaba. Na biyu haka. Na uku haka. Ranar kifi yana ci sosai, hannuna bai huta ba, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji injin wani jirgi. Masu sintirin teku ne. Suka matso, babbansu ya yi sallama, ya karɓi takardu, ya buɗe kula, bai ga najil ba. Sai ya nuna bayan jirginmu da yatsa.

Na juya. Najil bakwai a jere a saman ruwa, ciki sama, ruwa na tafiya da su a hankali, jansu yana ɗaukar ido tun daga nesa. Tsuntsaye sun riga sun fara sauka a kan na farkon. Wasu na motsa wutsiya, suna neman nutsewa, suna dawowa sama kamar gora.

Jami'in ya ce wa Abu Fahad, "Kun hango mu kuka zubar."

Abu Fahad ya rantse. Ni ma na rantse da ɗan Larabcina, na ce tun safe nake mayar da su ɗaya-ɗaya. Jami'in ya dube ni ya ce, "Wanda aka mayar yana tafiya. Waɗannan ina suka tafi?" Ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan zata ke nan. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya riƙe takardar jirgin, ya ce mu bi shi zuwa gaɓa. Surukin Abu Fahad ya naɗe zarensa da kansa, ya zauna yana kallon wani gefe. Awa goma muka yi a mota zuwa Riyad, ba wanda ya kunna rediyo.

Kwana biyu bayan haka Abu Fahad ya kira ni bayan shago. Ya ce, "Ya Ishaƙ, ban ce ka yi da gangan ba. Amma ba za a sake tsayar da ni a gaban baƙina ba. In kifin nan ba ya komawa ƙasa, jirgi ba zai fita a watannin nan ba. In ba zai fita ba, sayar da shi zan yi. In na sayar, ba ni da aikin da zan ba ka." Ya ɗauki iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a kan tebur ya duba. Saura kwana arba'in ta ƙare. Ya ce, "Ka tafi wurin Ammi Yahaya. Ko ka dawo mini da hanya, ko in buga maka takardar fita daga ƙasar." Ina da 'ya'ya biyar a Yawuri a lokacin. Na hau motar haya na tafi.

Ammi Yahaya yana da ƙaramin jirginsa na kansa, ya sa aka rubuta sunana a takardarsa. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Shekara sittin ina teku, ban taɓa mayar da kifi ba. Ta ina zan sani? Mu gwada." Muka yi gwajin da hamur, wanda ba a rufe ba, shi ma yana kumbura iri ɗaya.

Gwaji na farko, jawo kifin a hankali. Ya rage kumburin kaɗan, amma baƙo ba zai yi wannan haƙuri ba, kuma a zurfi mai yawa bai hana komai ba.

Gwaji na biyu nawa ne, kuma shi ne mafi muni. Na ce tun da harshen ne ya kumbura, a huda shi da allura iska ta fita. Na huda, kifin ya nutse, na ce shi ke nan, an gama. Ammi Yahaya ya leƙa da gilashin kallon ƙasan ruwa, ya ce, "Zo ka ga aikinka." Kifin yana kwance a gefensa a kan wani tudun dutse, ƙananan kifaye sun kewaye shi. Na ɓoye shi ne kawai daga idon masu sintiri. Kwana goma sha ɗaya suka tafi a kan waɗannan biyun, har da kwanakin da iska ta hana fita.

Rana ta goma sha biyu na yi abin da ya kamata in fara yi. Na ɗauki hamur ɗaya na tsaga shi a hankali tun daga baki, ina bin jan abin nan da yatsa in ga inda ya samo asali. Ba harshe ba ne. Tumbinsa ne. A ƙarƙashin ƙashin baya akwai wata jakar iska, ta kumbura ta cika cikin, ta turo tumbin waje ta baki. Shekara goma sha biyu ina gyara kifin nan, ina finciko kayan ciki in zubar, ban tsaya na duba ba. Wato duk wanda na huda, tumbi na huda masa.

Na nuna wa Ammi Yahaya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Da ina saurayi ina nutso. Can ƙasa ruwa matse mutum yake yi, har kunne ya yi zafi. Wannan iskar a ƙasa ƙarama ce. Da ka jawo shi sama ta samu wuri." Na ce, "To in an mayar da shi inda ya fito fa?" Ya ce, "Wa zai kai shi? Kai?" Na ce, "Dalma."

A gida muna ɗaura dutse a mamari, dogon zaren nan mai ƙugiyoyi da yawa, don ya zauna a ƙasa. Amma nan ana son nauyin ya kai kifin, ya kuma sake shi. Kwana shida muna ɓata ƙugiyoyi. Ga yadda ta tsaya a ƙarshe. A sami babbar ƙugiya. A goge ƙayar bakinta da magagari har ta yi sumul. A ɗaura dalma mai nauyi a idon ƙugiyar, inda aka saba ɗaura zare. Zaren kuma a ɗaura shi a gwiwar ƙugiyar, inda ta lanƙwashe. Ka ga ta juye ke nan, tsininta yana kallon ƙasa. A soka ta a fatar leɓen kifin, a sa shi a ruwa kai ƙasa, a saki zare. Dalma ta ja shi. In ya kai, a fizga sama sau ɗaya, ƙugiya ta zare.

Aka mayar wa Abu Fahad takardar jirginsa saura kwana tara iƙamata ta ƙare, watan rufewa bai fita ba. Ya zo shi kaɗai, ba baƙo. Muka fita mu uku. Wajen ƙarfe tara ya jawo najil da ya kai tsawon hannuna daga yatsa zuwa kafaɗa, idanu waje, tumbi a baki. Ya ajiye sanda ya ce, "Yalla, nuna mini."

Na jiƙa hannuna, na cire ƙugiyarsa, na soka tawa, na sa kifin a ruwa. Sai na miƙa masa zaren. Na ce, "Allah ya ja kwana, kai za ka riƙe. Ka bar shi ya bi ta kan yatsanka."

Ya ce, "In ya mutu a ƙasa ta yaya zan sani?"

Na ce, "Riƙe dai."

Jan kifin ya yi ta raguwa a cikin ruwa har ya ɓace. Ina ƙirga gaba da baki. Biyar, ba komai. Takwas, ba komai, nauyin dalma kawai. Abu Fahad ya dube ni. Ammi Yahaya yana zuba shayi kamar ba ya wurin. Goma sha ɗaya. A goma sha uku zaren ya yi tsalle a yatsansa, ya sake yi, sannan ya fara fizga kamar an kama sabon kifi.

Ya yi ihu, "Hayy! Wallahi da ransa!"

Na ce, "Ƙara masa gaba biyar, sannan ka fizga."

Ya fizga. Zaren ya yi sako-sako. Muka tsaya muna kallon ruwa ta kowane gefe har shayin ya huce. Ba abin da ya taso. Abu Fahad ya jawo ƙugiyar, ya juya ta a hannunsa, ya ce, "Guda nawa za ka iya yi kafin Laraba?" Ammi Yahaya ya ce, "Ka tambaye shi harshen kifi tukuna." A satin aka sabunta iƙamata.

Yanzu abin da doka ta yi wa kamu, yadda idona ya gani, ba yadda wani ya ƙirga ba. Kula huɗu ta tafi, ba za ta dawo ba. Shekarun farko baƙi da yawa sun daina zuwa, sun ce ba za su yi tafiyar awa goma don kifin da bai cika faranti biyu ba. Wasu sun roƙe ni in tura musu najil ƙarƙashin ƙanƙara. Na ce su nemi wani jirgin. Amma kafin dokar, a duwatsun da Ammi Yahaya ke cewa "nan", najil ya riga ya koma kamar tafin hannu, muna yi kamar ba mu lura ba. Yau a wuraren nan, in an buɗe wata, ana samun wanda sai an sa hannu biyu. Ba kullum ba, ba ko'ina ba. Kifi kaɗan ake ɗauka, amma kifi ne.

Ammi Yahaya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗan Abu Fahad ke tuƙi yanzu, da na'ura mai zana ƙasan teku a gilashi, ba ya duban dutse ko hasumiya. Gwiwoyina sun daina son jirgi, yawancin kwanakina a shago nake. Na ji an ce akwai irin ƙugiyar nan ta kamfani a wasu ƙasashe, tun kafin tamu. Ban yi musu ba. Mu dai ba wanda ya kawo mana.

Har yau ina samun labarin jiragen da ke barin jan kifi a bayansu, masu su suna cewa ai sun bi doka, sun mayar. Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu, ko aiki ya kai ka jirgi ko gayyata. Kafin ka hau, ka nemi babbar ƙugiya ɗaya, ka goge ƙayarta, ka ɗaura mata dalma a ido da zare a gwiwa. In kifin da ba naka ba ya hau, kada ka huda abin da ke bakinsa, kada ka wurga shi. Ka sauke shi da hannunka, ka jira sai ka ji ya motsa a yatsanka. Bayan ka sake shi kuma, don Allah ka waiwaya ka dubi bayan jirgi.